Gaɓar kowa daban ce: amsa kan lissafin lokacin da cuta za ta bayyana

Tambayar ta fito ne daga wata likita da ke karatun ƙwarewa a fannin ciwon ƙoda. Ta ce: "Mun saba da lamba ɗaya ga kowa. Aikin ƙoda ya sauka ƙasa da 60, awon sukari ya kai 6.5, hawan jini ya kai 140 bisa 90. Amma ina ganin majiyyata biyu masu lamba iri ɗaya, ɗaya ya kai ga wankin ƙoda cikin shekara biyu, ɗayan yana nan garau bayan shekara goma. Na ji akwai tsarin lissafi da ke ba kowane majiyyaci iyakarsa ta kansa. Yaya yake aiki, kuma za a iya dogara da shi?"

Likita, sannu da ƙoƙari. Eh, akwai irin wannan tsari, kuma yana da amfani na gaske. Sai dai kalmar "iyaka" a nan tana ɗauke da abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai iyakar da ke cikin jiki, wadda idan lalacewa ta kai gare ta cuta take bayyana. Zan kira ta gaɓa, kamar gaɓar kogi da ruwa ke haurewa ya yi ambaliya. Akwai kuma layin da likita da majiyyaci suke ja su ce idan haɗari ya kai nan za mu fara magani. Ta farkon, lissafi yana iya kusantarta amma ba ya ganinta ido da ido. Na biyun kuwa, lissafi taimako kawai yake bayarwa, mutane ne ke yanke shi.

Bari mu faro daga tushe a gurguje. Abin da ya raba lissafin lokacin aukuwar cuta da sauran ƙididdiga shi ne labarin da ke katsewa. Kin bi mutum ɗari tsawon shekara biyar. Wasu ƙodarsu ta gaza, kin san ranar. Wasu sun ƙaura a shekara ta biyu, wasu kuma aka rufe bincike suna lafiya. Waɗannan ba ki san ranarsu ba, amma kin san tana gaba da ranar da kika gansu na ƙarshe, kuma wannan sanin yana da daraja. Edward Kaplan da Paul Meier ne suka ba da hanyar amfani da shi a 1958, daga nan aka sami zanen nan mai sauka kamar matakalar bene da kike gani a kowace mujallar likitanci. A 1972 David Cox ya ƙara nasa: hanyar shigar da shekaru, jinsi, shan taba da makamantansu cikin lissafi ba tare da an ƙayyade siffar haɗarin asali ba. Da yawa daga cikin ma'aunan haɗari da ake amfani da su a asibitoci kan tsarin Cox aka gina su, har da na ciwon zuciya da ya fito daga binciken Framingham da aka fara a Amurka a 1948 da mutum 5,209, da kuma ma'aunin gazawar ƙoda da Navdeep Tangri da abokan aikinsa suka fitar daga Kanada a 2011, wanda kika sani, mai aiki da shekaru, jinsi, aikin ƙoda da furotin ɗin fitsari.

Tsarin Cox yana da zato ɗaya da ya tsaya a kansa: idan haɗarin wannan ya ninka na wancan sau biyu a yau, to sau biyu ne a baɗi, sau biyu ne bayan shekara goma. Kuma bai ce uffan a kan abin da ke faruwa cikin jiki ba. Yana faɗa miki wa ya fi wa haɗari, ba ya faɗa miki ko saboda mutumin yana dab da gaɓa ne ko saboda yana gudu zuwa gare ta. A wajen likita kuwa, wannan bambanci shi ne komai.

Nan ne tsarin gaɓa ya shigo. Ki ɗauka lafiyar mutum wata tafiya ce da ba a gani. Ta faro daga wani wuri, tana gangarawa a hankali, kuma ba a miƙe take tafiya ba, yau ta ɗan yi sama gobe ta ɗan yi ƙasa. Ranar da ta fara taɓa gaɓa, ranar ce cuta ta bayyana. Abu uku ne ke riƙe da labarin: tazarar da ke tsakanin mafari da gaɓa, saurin gangara, da girman tangal-tangal ɗin tafiyar. Lissafin irin wannan tafiya tsoho ne, daga masana kimiyyar motsin ƙwayoyin zarra aka gado shi, Erwin Schrödinger ya fitar da rabon lokacin isa gaɓa, wato yadda lokutan isar ke warwatsuwa, tun 1915. Waɗanda suka mai da shi kayan aikin likitanci sosai su ne Mei-Ling Ting Lee da George Whitmore, musamman a rubutunsu na 2006, sai kuma Odd Aalen da Håkon Gjessing na ƙasar Norwe a 2001. Dabarar Lee da Whitmore ita ce a bar bayanan majiyyaci su shiga ta ƙofa biyu: wasu su shafi tazarar mafari, wasu su shafi saurin gangara. Gado da ƙaramin nauyin haihuwa, alal misali, ana iya sa ran su taɓa tazara. Hawan jinin da ba a kula da shi ba, sauri yake ƙarawa.

Ga misali na ƙirƙira da lambobinki. Majiyyaci na farko aikin ƙodarsa 45 ne, yana raguwa da 2 a shekara. Na biyu 60 ne, yana raguwa da 9 a shekara. Idan gaɓar 15 ce, tazarar na farko 30, a raba da 2, shekara goma sha biyar ke nan a tsaka-tsaki. Na biyu tazararsa 45, a raba da 9, shekara biyar. Wanda takardar awo ta nuna ya fi lafiya yau shi ne zai riga isa. Na tabbata wani abu irin wannan ne ke tsakanin majiyyatan nan naki biyu: hoto ɗaya kika ɗauka na kowannensu, alhali ɗaya tsaye yake ɗayan kuma a guje.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne abubuwan da yake fitarwa da kansa ba tare da an cusa masa su ba. Na farko, idan tafiyar mutum nesa da gaɓa take nufa, wato yana samun sauƙi, tangal-tangal zai iya jefa shi can duk da haka, amma akwai yiwuwar ba zai taɓa kaiwa ba har abada. Ana iya lissafa wannan. A ma'aunin da aka daidaita tangal-tangal ya zama 1, mai tazarar 1 da ke nisanta da saurin rabi yana da yiwuwar kusan 37 cikin ɗari na taɓa gaɓa. Ki ninka tazarar ta zama 2, yiwuwar ta sauka zuwa kusan 14 cikin ɗari. Saura kuma su ne waɗanda ake kira warkakku. Tun 1949 John Boag ya kawo tunanin kason warkakku a lissafin ciwon daji, amma a can sai an ƙara shi daga waje, a nan kuwa daga cikin tafiyar yake tsirowa. Na biyu, idan rukuni biyu tazarar mafari kawai ta raba su, bambancin haɗarinsu yana da girma da farko, sannan ya riƙa tsukewa har ya kusa ɓacewa, domin waɗanda suka faro kusa da gaɓa amma suka daɗe ba su faɗa ba, yawancinsu sun riga sun matsa nesa. Wannan ya saɓa wa zaton Cox kai tsaye, kuma abu ne da ake gani a bayanan tiyata da na dashen gaɓoɓin jiki, inda haɗari ke taruwa a farkon watanni.

Akwai kuma batun agogo. Ba dole ba ne a ƙidaya lokaci da kalanda. Lee da Whitmore da abokan aikinsu sun yi amfani da tsarin a kan ciwon dajin huhu tsakanin ma'aikatan jirgin ƙasa na Amurka masu shaƙar hayaƙin dizal, suka bar shekarar aiki a cikin hayaƙi ta yi nauyin da ya bambanta da shekarar da aka yi a wani aikin. Kamar mota ce: shekarunta abu ɗaya ne, nisan da ta ci wani abu ne daban.

To yanzu ga inda nake so ki yi hattara, domin a nan ne ake yawan sayar da abin da babu shi. Idan abin da kike da shi lokacin aukuwa ne kaɗai, ba za ki iya raba mafari da gaɓa ba. Mutumin da ya faro daga 80 gaɓarsa 50, da wanda ya faro daga 40 gaɓarsa 10, a idon lissafi mutum ɗaya ne, tazarar 30 ce. Ko abubuwan nan uku ma, biyu kawai bayanai ke iya tantancewa, shi ya sa ake ɗaure girman tangal-tangal a kan 1. Saboda haka in kin ga an rubuta "gaɓar kowane majiyyaci", abin da ake nufi a mafi yawan lokaci shi ne an ɗauka gaɓoɓin mutane sun warwatsu bisa wani rabo, an kuma ƙiyasta faɗin warwatsuwar daga dubban mutane. Ba a auna gaɓar mutum ɗaya ba. Ƙoda sau ɗaya take gazawa a rayuwar mutum, kuma ba a gane hali daga abin da ya faru sau ɗaya. Siffar rabon da aka zaɓa ma zato ne na mai lissafi, kuma zato biyu mabambanta suna iya dacewa da bayanai iri ɗaya su ba da hasashen nesa da ya sha bamban.

Tunanin kansa ba sabo ba ne. Sewall Wright ya yi amfani da ɓoyayyiyar gaɓa a 1934 don bayyana dalilin da ya sa wasu ɓerayen masar ke fitowa da ƙarin yatsa a ƙafar baya, Douglas Falconer kuma ya kawo ta cikin cututtukan gado na ɗan'adam a 1965. A 1979 James Vaupel, Kenneth Manton da Eric Stallard suka nuna yadda ɓoyayyen bambancin rauni ke yaudarar mai kallon jama'a. Ki duba wannan ƙirƙirarren misali. Mutum dubu, rabinsu masu rauni da haɗarin 20 cikin ɗari a shekara, rabinsu masu ƙarfi da haɗarin 2 cikin ɗari. Shekarar farko mutum 110 za su kamu, wato 11 cikin ɗari. Bayan shekara biyar masu rauni sun ragu zuwa kusan 164, masu ƙarfi kusan 452. A shekara ta shida waɗanda za su kamu kusan 42 ne cikin 616, ƙasa kaɗan da 7 cikin ɗari. Mai kallon zane zai ce haɗari yana sauka. Haɗarin ko mutum ɗaya bai canza ba, masu rauni ne suka ragu. Duk wanda ya fahimci wannan ba zai sake karanta zanen jama'a a matsayin tarihin mutum ɗaya ba.

Hanyar da ake kusantar mutum ɗaya da gaske ita ce maimaita awo. Nan fanninku ya yi sa'a, domin kuna da abin aunawa da ke bin tafiyar a bayyane. Tsarin haɗin gwiwa, wanda Michael Wulfsohn da Anastasios Tsiatis suka kafa ginshiƙinsa a 1997 da bayanan CD4, wato ƙwayoyin garkuwar jiki, na masu cutar ƙanjamau, yana ɗaure abu biyu wuri ɗaya: layin awon mutum a tsawon lokaci da lokacin aukuwa. Duk awon da ya shigo, hasashe ya sabunta. Yana kuma gyara abu biyu da ke lalata lissafin hannu, wato kuskuren awo, da kuma cewa mafi tsananin ciwo su ne ke fara ɓacewa daga jerin awo. Ko ba tare da wannan lissafi ba, kuna aiki da gaɓa ta mutum ɗaya kullum. Ƙa'idar 2012 ta KDIGO, ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin jinyar ƙoda, kan raunin ƙoda na farat ɗaya ba ta kafa lamba ɗaya ga kowa ba, ta ce kiriyatinin, wato dattin jini da ƙoda ke tacewa wanda ke hauhawa idan ta raunana, ya ƙaru da 0.3 cikin awa 48, ko ya ninka na mutumin da kansa sau ɗaya da rabi cikin kwana bakwai. Ki tuna tsohuwa siririya mai ƙarancin tsoka wadda kiriyatinin ɗinta ya saba zama 0.6. Ta zo yau da 1.1, takardar ɗakin gwaji ba ta ɗaga tuta ba, alhali aikin ƙodarta ya kusa raguwa da rabi. Ƙaƙƙarfan saurayi mai 1.1 kuma lafiyarsa lau. A wani fannin ma haka ne: ga wanda ya haura shekara hamsin, iyakar awon D-dimer a binciken daskarewar jini a huhu ana iya ɗaukarta shekarunsa sau goma maimakon 500 ga kowa, kuma binciken ADJUST-PE na 2014 ya nuna hakan yana rage hotunan huhu da ba a buƙata ba tare da an yi sakaci ba.

Zan faɗa miki kuskuren da na taɓa yi, don yana jiran duk mai aiki da bayanan ƙoda. A farkon aikina an ba ni kundin tsofaffin majiyyata in fitar da haɗarin kaiwa ga wankin ƙoda. Na zana Kaplan da Meier, duk wanda ya rasu kafin ƙodarsa ta gaza na sa shi cikin masu katsattsen labari. Lambar ta fito da girma, na kai wa babban likitan sashen ina jin na gama. Ya ɗauki biro, ya bi sunayen da yatsa shafi bayan shafi, yana ƙirga waɗanda aka taɓa sa wa injin wanki. Da ya kai ƙarshe ya ɗago ya ce, "Yarona, mutanen da lissafinka ya ce za su zo wanki, da yawansu ni na sa hannu a takardar rasuwarsu." Gaskiyarsa. Katse labari yana nufin mutumin yana can a wani wuri, abin zai iya same shi. Mamaci ba ya cikin wannan hali. A tsofaffi masu ciwon ƙoda, mutuwa, musamman ta ciwon zuciya, ta fi riga gazawar ƙoda isowa. Ashe gaɓa biyu ce ko fiye, tafiya kuma tana ƙarewa a wadda aka fara taɓawa. Hanyar Aalen da Johansen ta 1978 da ta Fine da Gray ta 1999 don wannan aka yi su, kuma tsarin gaɓa yana karɓar batun cikin sauƙi.

Wani tarkon kuma shi ne neman "mafi kyawun layi" daga cikin bayanai, a gwada yanke awo a wurare hamsin a zaɓi wanda ya fi raba majiyyata. Douglas Altman da abokan aikinsa sun yi gargaɗi a kan wannan tun 1994. Layin da aka samo haka yana yin kyau a bayanan da suka haife shi, ya watse a na gaba. Idan aka yi wa kowane ƙaramin rukuni nasa layin ta wannan hanya, ɓarnar ninkuwa take yi, ko da an sa mata suna mai daɗi.

Sai layi na biyu, na ɗaukar mataki. Stephen Pauker da Jerome Kassirer sun tsara shi a 1980: inda za a ja layi ya dogara ne a kan auna illar magani da amfaninsa. Idan kin ce za ki yi magani daga haɗarin 10 cikin ɗari, kin ce ke nan barin mai buƙata ɗaya ba magani ya fi yi wa marar buƙata magani muni sau tara. Wannan hukunci ne na ƙima, shi ya sa hukumomi ke saɓawa. A 2013 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sa layin maganin kitsen jini na sitatin a kan haɗarin 7.5 cikin ɗari a shekara goma, NICE, hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila, kuma ta sauke nata daga 20 zuwa 10 a 2014. Hukumar Lafiya ta Duniya ta matsar da layin fara maganin ƙanjamau daga CD4 200 zuwa 350 a 2010, zuwa 500 a 2013, sannan ta cire layin gaba ɗaya a 2015. Ƙwayar cutar ba ta canza ba a waɗannan shekaru, magani ne ya yi sauƙin sha, hujja kuma ta taru.

A nan ne nake ganin majiyyaci ya fi cancantar layinsa na kansa, kuma abin takaici a nan ne aka fi mantawa da shi. Sitatin yana rage manyan matsalolin jijiyoyin jini da kusan kashi ɗaya cikin biyar ga kowane milimol ɗaya da aka sauke na mugun kitse. Mai haɗarin 10 ya koma kusan 8, mai haɗarin 30 ya koma kusan 24. Wani zai ji biyu cikin ɗari ya ce ba ni, wani ya ce ƙwaya kullum har shekara goma ba ta kai wannan ba. Dukansu ba su yi kuskuren lissafi ba. Haka zancen shirya hanyar jini don wankin ƙoda yake: mai shekara arba'in da mai tamanin da biyar suna iya samun lamba ɗaya, abin da ya dace da su ya bambanta.

Kafin ki yarda da kowane tsari, ki nemi a nuna miki an gwada shi a mutanen da ba su ne aka gina shi da su ba. Kada lambar C ta Frank Harrell ta ishe ki, ita jera mutane kawai take aunawa, wa ya riga wa. Ki tambayi daidaito: cikin waɗanda aka ce haɗarinsu 20 ne, ashirin cikin ɗari ne suka kamu ko goma? Ma'aunin zuciya na Amurka na 2013 an same shi yana kambama haɗari a wasu rukunan jama'a, ga shi kuwa manyan masana ne suka gina shi. Tsarin gaɓa bai fi ƙarfin wannan jarrabawa ba, kyan labarinsa ba hujja ba ne, kuma sau da yawa wajen hasashe tsantsa ba ya wuce Cox da wani abin kirki. Fifikonsa yana wajen bayani da kuma inda ninkin haɗari ke canzawa da lokaci.

Game da majiyyatanki, ga abin da zan yi in ni ne. Ki tattaro duk awon aikin ƙoda na kowannensu na shekara biyu ko uku, ki ware waɗanda aka ɗauka lokacin kwanciya asibiti ko rashin ruwa a jiki, ki zana sauran a takarda ɗaya ki ga gangarar, kina tuna cewa awo biyu ba sa yin layin da za a amince da shi kuma wasu ƙodojin suna tsayawa shekaru sannan su zube. Ki auna furotin ɗin fitsari, ki sa a ma'aunin Tangri. NICE tun 2021 tana ɗaukar haɗarin da ya haura 5 cikin ɗari a shekara biyar a matsayin dalilin tura majiyyaci ga ƙwararre. Idan kin zo faɗa masa, ki ce cikin mutum ɗari masu irin awonka kaza ne suka kai ga wanki a shekara biyar, sauran ba su kai ba, sannan ki tambaye shi me ya fi tsoro da me yake son ya ci gaba da iya yi. Bayan wata uku ko shida ki sake awo, ki ƙara ɗigo a kan takardar.